Gadon ƙarfe mai taya da muka yi wa Fijon Baba

Motar dai Fijo 504 ce salun, fara, ta mahaifinmu Allah ya jiƙansa da rahama, irin haɗin nan gida Kaduna na kamfanin Peugeot da yake Kakuri a lokacin wanda ya fara fitar da mota tun 1975. Tun ina firamare take gidanmu, a cikinta aka riƙa kai mu makaranta a cikinta ake zuwa Zariya gaisuwar sallah, bayan rasuwarsa kuma sai ta zauna a gareji shekara da shekaru ba mai tada ta, ga kwanon garejin yana yoyo ta gefe ɗaya, duk damina ruwa na sauka daidai kan gilas ɗin gaba yana bin ƙasan dashbod yana taruwa ƙarƙashin kafet ba wanda ya sani. Ranar da na ɗaga kafet ɗin gefen direba na danna da babban yatsa sai yatsan ya wuce, ina hango simintin ƙasa ta cikin ramin. Masu sayen gwangwan sun zo sun yi tayi har sau biyu, Hajiya tace ita dai ba za a yanka motar nan a ɗora a sikeli tana raye ba, ni kuma dama abinda nake son ji kenan.

Na ɗauko wani dattijo mai fanabita da ya daɗe yana taɓa Fijo tun lokacin da ita ce motar gwamnati ita ce motar haya, ya zo da ƙaramar gudumarsa ya kwanta kan kwali yana bin ƙasan motar yana ƙwanƙwasawa, inda ƙarfen yake da rai sai kaji ƙara tas, inda ya mutu sai kaji kamar an buga busasshen ƙoƙo tsatsa na zubo masa a fuska. Da ya tashi ya karkaɗe hula yace, "Ɗana, aikin nan yana yiwuwa amma ba a kan ƙafafunta ba. Sai an sauke inji da giya da tanki da ƙafar gaba da ta baya, a bar bodin zalla." Sannan ya yi min bayanin da shine asalin duk wannan labarin. Ita 504 ba ta da shasi daban kamar tifa ko tsohuwar Land Rover da za ka ɗage bodi ka ajiye gefe shasin na nan tsaye. Bodin shine shasin. Daɓen ƙasa da dogayen ƙarafan nan dake ƙasan ƙofofi da ginshiƙan ƙofa da rufin sama, su ne gaba ɗaya suke riƙe juna kamar akwati, to idan ka yanke ƙasan akwati ba ka tallafe shi yadda ya kamata ba sai ya murɗe, kuma kai ba za ka gani da ido ba sai ranar da ka gama walda da fenti ka zo mayar da ƙofa taƙi rufuwa. Yace ya sha ganin motocin da aka gyara haka, daga nesa kyau, ka zo rufe ƙofar baya sai ka ɗaga ta da gwiwa.

Matsala ta biyu wuri ne. Garejin namu faɗinsa mita 3 ne tsawo mita 5 da rabi, ita kuma motar tsawonta mita 4.49 faɗi mita 1.69, wato abinda ya rage a kowane gefe bai kai santimita 66 ba, mutum zai iya raɓawa ya wuce amma ba zai durƙusa da giranda yana aiki ba. Ba haske, kuma tagar ɗakin Hajiya tana kallon garejin ne, hayaƙin walda da ƙurar tsatsa duk can za su. Dole a riƙa fito da bodin harabar gida da safe a mayar kafin magariba, ko da hadari ya haɗo a tura shi ciki da sauri don ƙarfen da aka kankare fes idan ruwa ya taɓa shi kwana ɗaya ya isa ya fara ja. To motar da aka cire wa ƙafafu da me za a tura ta?

Wani yaron makaniki da ya zo taya mu sauke inji yace a ɗora ta kan bulo kawai a tsakar gida a rufa tamfol kamar yadda ake yi a ko'ina. Kawuna yana zaune a wurin, shi tsohon direban 504 ne ya yi shekaru yana lodin Kaduna zuwa Kano, bai bari yaron ya rufe baki ba yace "Kai, kul! Bulo ba ya gargaɗi." Yace katako idan zai karye yana kuka kaji ka matsa, ƙarfe yana lanƙwasa ka gani, shi bulon siminti mai rami yana nan lafiya lau sai kawai ya ruguje lokaci ɗaya, kuma ya san mutumin da ya rasa ƙafa a haka. Daga nan aka rufe maganar bulo.

Abinda muka tsayar shine a ƙera wani firam na ƙarfe mai taya huɗu da ginshiƙai huɗu a ɗaure bodin a kansa da noti. Mai waldan layinmu da na kai wa maganar shi ya raɗa masa suna gado, yace ai gadon asibiti ne za mu yi wa mota, sunan kuma ya bi shi har yau.

Kafin a taɓa komai, motar tana kan tayoyinta ƙofofi na rufuwa daidai, Baba mai fanabita ya sa aka yi abu biyu. Na farko awo. Ya auna tazarar dake tsakanin kowace ƙofa da ginshiƙinta sama da ƙasa, ya auna bakin kowace ƙofa a giciye daga kusurwa zuwa kusurwa, ya auna wurin gilas ɗin gaba da na baya shima a giciye, ni ina rubutawa da alli a bangon gareji kuma na ɗauki hoton bangon a waya saboda yara. Na biyu ya sa mai walda ya ɗana ƙananan fayif masu kusurwa huɗu na inci ɗaya a cikin motar, ɗaya ya ratsa bakin kowace ƙofa, biyu suka gicciye daga ginshiƙin tsakiya na dama zuwa na hagu, ɗaya kuma a ƙasan dashbod. A lokacin gani nake ɓata lokaci ne da ɓata ƙarfe, gaskiya har na ɗan yi ƙorafi, yace min in bari tukuna.

Sai zancen inda ginshiƙan gadon za su riƙe motar, kuma nan muka fi daɗewa. Wuraren da ake sa jak a gefe ba su da amfani a wannan aikin tunda su kansu suna cikin abinda tsatsa ta cinye kuma za a yanke. Wurin da ya dace shine inda kamfani da kansa ya ɗora nauyin motar, a gaba ramukan notin da ƙarfen nan mai ɗauke da inji da ƙafar gaba yake ɗaure da dogayen ƙarafan bodi, a baya kuma inda ƙafar baya take ɗaure. Wuraren nan ƙarfensu ninki ne, kuma da yake kullum suna shan baƙin mai tsatsa ba ta taɓa su ba. Yadda muka sauko da awonsu ƙasa kuwa dabarar magina ce, zare da noti mai nauyi a ɗaure a bakinsa, a saƙala zaren a tsakiyar ramin a bar notin ya daina lilo a ɗiga alli a siminti daidai ƙasansa. Ɗigo huɗu suka fito a ƙasa, muka auna tsakaninsu tsaye da kwance da giciye, giciyen biyu suka zo ɗaya ko bambancin milimita 3 babu, Baba yace Alhamdulillahi motar ba ta taɓa cin karo mai tsanani ba, bodin a miƙe yake. Duk mai son yin irin wannan aikin ya auna tasa motar da hannunsa kar ya ɗauki lambar wani, ko 504 ɗin ma salun daban wagon daban, tazarar tayar gaba da ta baya a salun mita 2.74 ce a wagon 2.90.

Lissafin nauyi ba wuya. Motar cikakkiya tana kai wajen kilo 1,200, idan ka cire inji da giya da ƙafafu da tanki da kujeru da gilasai da ƙofofi, muka ƙiyasta abinda ya rage ba zai kai kilo 500 ba, muka ce mu yi aiki da 500 ɗin, a ƙara nauyin gadon kansa da na mutum ɗaya da zai hau ciki yana walda, ya kama kusan 700.

Ƙarfe a kasuwar Panteka muka saya. Fayif mai kusurwa huɗu na milimita 50, wanda ake ce wa tu-bai-tu, guda uku, da na milimita 40 guda ɗaya, da faranti mai kaurin milimita 6. Shi fayif ɗin nan kala kala ne, akwai mara kauri na yin ƙofa da taga akwai mai kauri, daga waje duk girmansu ɗaya, shi ya sa mai waldan ya tafi da ma'aunin kauri a aljihunsa yana sa wa a bakin kowanne sai da muka samu mai milimita 3 cif. Ko ba ma'auni hannu ma yana faɗa maka, mai milimita 3 ɗin kowace mita tana haura kilo 4, guda ɗaya mai mita 6 ya wuce kilo 25, idan ka ɗaga da hannu ɗaya ka ji shi sakayau to ba shi bane.

Firam ɗin tsawonsa mita 2.6 faɗinsa mita 1.3. Dogaye biyu a gefe, gajeru uku a tsakani, sai muka ninka na gaban aka ɗora fayif kan fayif aka haɗe saboda ginshiƙan gaba sun matso ciki, ba a kan dogayen suke zaune ba, a tsakiyar gajeren suke, to nauyi zai so ya lanƙwasa shi. Na tsaya a kan mai waldan ranar daga safe har la'asar kuma na ƙaru sosai. Bai kama kusurwa ɗaya ya cika ta da walda ba, ɗigo ɗigo ya fara yi a duk kusurwoyin, sannan ya ja tef a giciye, dama santimita 290 hagu 291 da ɗan kai, ya sa guduma ya daki kusurwa ɗaya ya sake aunawa har sai da duka biyun suka tsaya kan 291 saura kaɗan, sannan ya fara cikawa yana tsallake, ya yi wannan kusurwar ya koma wadda ke fuskantarta. Na tambaye shi nace Oga me ya sa ba za ka gama ɗaya ka wuce ba, yace walda tana ja, idan ta huce tana tsuke ƙarfen zuwa gefenta, ka cika gefe ɗaya gaba ɗaya firam ɗinka ya zama kamar kwale kwale. Sandar walda geji 12 ya yi ɗigon da ita, geji 10 ya cika. Sau biyu NEPA ta ɗauke muka koma janareta.

Ginshiƙan guda huɗu kowanne santimita 35 na fayif ɗin 50, a cikinsa aka zura na 40 wanda yake hawa yana sauka, tunda cikin na 50 ɗin milimita 44 ne ya shiga da ɗan sarari, aka huda ramuka a jere ana soka bolt mai kaurin milimita 16 irin mai lamba 8.8 a kansa, ba rodi ba ba tsohuwar kusa ba. A saman kowanne faranti mai rami daidai da ramin motar. Kowane ginshiƙi kuma an tokare shi ta gefe biyu da guntun fayif a karkace, don idan ana tura motar taya ta ci karo da wani abu, gadon zai tsaya ne bodin kuma yana son wucewa, duk wannan ƙarfin a gindin ginshiƙi yake ƙarewa.

Ni da so nake a ɗaga ta sosai yadda zan zauna kan kujera ƴar tsugunno a ƙasanta ina kankara. Mai waldan ya ɗauki tef ya je ya auna ƙofar gareji, mita 2.1, ya auna bodin daga daɓe zuwa rufi ya haɗa lissafi ya nuna min idan ta wuce wajen santimita 70 daga ƙasa rufin zai daki saman ƙofar, bayan haka kuma duk yadda kaya ya yi sama haka yake saurin kifewa. Muka tsaya kan cewa a ƙasa ƙasa za a riƙa tura ta, idan an fito an kafa ta sannan a ɗaga in ana bukata.

Ɗora bodin ya ci mana yini guda. Mun yi hayar cen bulok, wato sarƙar ɗaga kaya mai nauyi, mai tan ɗaya da ƙafafunsa uku, aka ɗaga gaba aka ratsa katon katako a ƙasa wanda ya fi gadon faɗi, bakinsa biyu na kan tarin guntayen katako da aka jera a gicciye hawa hawa, aka koma baya aka yi haka, kaɗan kaɗan gaba da baya har ta yi tsayin da gadon zai shige. Kawu na tsaye da carbinsa ba abinda yake faɗa sai kar wanda ya sa kai ko hannu a ƙasa. Da aka turo gadon aka sauke, ramuka uku suka hau daidai, na huɗun ya kauce da kamar milimita 2 aka ɗan buɗa ramin farantin da fayil, ba a taɓa na motar ba. Aka ɗaure. Na sa hannu ɗaya na tura motar mahaifinmu ta motsa, wallahi sai da naji wani abu a ƙirjina, shekara nawa tana wuri ɗaya.

Yanzu ga inda na yi kuskure, kuma shine dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Tayoyin. Kuɗi sun fara ja baya a lokacin, na shiga wani shago na ga tayoyi na baƙar roba ƴan inci 5 masu juyawa, ba wata lamba a jikinsu, mai shagon yace min ai waɗannan ko janareton gidan biki suna ɗauka. Na yi lissafi a raina nace kilo 700 raba huɗu 175 ne kowace, ai ba komai. Mai waldan ya juya ɗaya a hannunsa ya yi shiru sannan yace "Alhaji ƙarfen nan fa bai yi min ba," nace a sa kawai, aka manna su da walda kai tsaye a jikin firam.

Kwana biyu lafiya, sai dai na lura da safe tana wuyar tashi saboda robar ta kwanta ta yi fefe a inda ta kwana. Rana ta uku da yamma hadari ya taso daga gabas muna sauri ni da ƙanina da yaron fanabita mu mayar da ita ciki. A bakin garejin akwai dokin ƙofa, ɗan tudun siminti da bai fi santimita 3 ba wanda aka yi don hana ruwa shiga, da safe saukowa ake ba a jinsa, yanzu kuma hawa ne kuma mun zo masa a karkace. Tayar gaba ta hagu ta hau, ta dama ta daki tudun ta tsaya, ta bayan hagu naga ta ɗaga sama tana juyawa a iska ba ta taɓa ƙasa, mu kuma muka ƙara ƙarfi. Sai naji ƙas, ƙarfen da ya riƙe tayar dama ya lanƙwashe ta kwanta gefe ƙananan boris ɗinta suka watse a siminti, kusurwar gadon ta faɗi ƙasa bodin gaba ɗaya ya karkata ya tafi wajen bango. Ƙanina yana wannan gefen tsakanin motar da bangon. Allah ya sa kusurwar firam ɗin ta dafe ƙasa motar ta tsaya saura kamar tafin hannu ta matse shi, kuma da yake a ɗaure take da noti ba ta zame daga kan ginshiƙan ba. Hajiya ta fito da salati, ruwa ya sauko, muka rufa tamfol a haka rabi ciki rabi waje. Daren nan ban yi barcin kirki ba ina ta ganin inda yaron nan yake tsaye.

Da safe mai waldan ya zo bai ce min ai na faɗa maka ba, durƙusawa ya yi ya nuna min abinda ya faru. Yace raba nauyi huɗu lissafin takarda ne, ƙasa ba ta taɓa zama shafe ɗaya, firam mai ƙarfi kuma ba ya lanƙwasa ya bi ƙasa, don haka kusan kullum taya uku ne ke aiki ɗaya tana hutu, a kan tudu ma biyu ne na giciye suke ɗaukar kusan komai. Wato a kan tudu taya ba 175 take ɗauka ba, tana iya kusan 350, ita kuma wadda ta lanƙwashe ga duka da muka haɗa mata da shi. Kuma ƙaramar taya tudu kaɗan katanga ne a wurinta, santimita 3 a gaban taya mai inci 5 kusan rabin tsayinta ne daga ƙasa zuwa tsakiya, ba hawa za ta yi ba tokarewa za ta yi. Araha dai ba ta ado.

Baba mai fanabita shi kuma tef ya ɗauka ya nufi bangon da muka yi rubutu. Ya bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya yana aunawa ina karanto masa lambar alli, duk suka zo yadda suke, gilas ɗin gaba ma haka. Ya dafa ɗaya daga cikin ƙananan fayif ɗin nan da na yi ƙorafi a kansu yace da babu su, da wannan faɗuwar ta murɗe bodin tunda mun riga mun yanke rabin daɓen gefen direba.

Gyaran ya ɗauki sati ɗaya saboda neman taya. Aka sake hayar cen bulok aka ɗage motar, aka yanke tsofaffin da giranda. Na samu na hannu ƴan inci 8, cikinsu ƙarfen zubi bayansu jar roba mai tauri wadda ba ta kwanciya, irin na kurar masana'anta, mai sayarwar yace daga kayan masaƙun da suka rufe suka fito, kuma a jikin kowace an buga nauyin da take ɗauka ya haura kilo 400. Kuɗinsu ya kusa na ƙarfen gadon gaba ɗaya ban ko yi ciniki sosai ba. Wannan karon ba a manna su da walda ba, faranti aka yi wa kowace kusurwa aka ɗaure taya da bolt huɗu, in ɗaya ta lalace a sa jak a canza, kuma zafin walda ba zai ƙona man boris ɗin ba. Aka matsar da su suka dawo kusa da gindin ginshiƙai yadda nauyi zai sauka kai tsaye. Duk huɗun masu juyawa ne, biyu da birki. Wasu sun ce in sa biyu tsayayyu biyu masu juyawa ya fi sauƙin sarrafawa, gaskiya ne a doguwar tafiya, amma ni a ɗan garejin nan ina bukatar in tura motar a kwance ta manne da bango ɗaya in samu fili a ɗaya gefen, masu juyawa huɗu ne kawai ke yin haka. Abinda ya biyo baya shine ba ta da alƙibla, mutum ɗaya ba ya iya ta, dole biyu ɗaya gaba ɗaya baya. Da yake sababbin tayoyin sun fi tsayi sai muka sauke ginshiƙan zuwa ramin ƙarshe, rufin yana wuce saman ƙofa da kamar yatsu huɗu.

Dokin ƙofar ma mun kira magini ya yi masa gangare ta ciki da waje da rabin buhun siminti. Harabar gidan kuma ashe tana da ɗan gangare zuwa wajen rariya, da ido ba ka gani, ƙananan tayoyin nan masu kwanciya sun ɓoye shi, manyan kuwa ranar farko da muka saki hannu sai gata tana tafiya da kanta a hankali wajen get. Tun daga nan doka ce, ana tsayawa a taka birki biyu a sa waigi na katako a sauran biyun, kuma ba mai tsayawa tsakanin mota da bango lokacin turawa, yara kuma sai an kore su cikin gida. Idan za a shiga ƙasanta ko za a yi dukan guduma mai ƙarfi, akwai wasu bolt manya huɗu da mai waldan ya ƙara a kusurwoyi masu faranti a ƙasa, ana murɗa su su dafe siminti su ɗauke nauyin daga kan tayoyin, da su ne kuma muke daidaita gadon da tiyo mai ruwa irin na magina kafin a yi waldar daɓe, don Baba yace daɓen da aka manna a kan karkataccen gado karkatacce zai fito.

Wani ƙaramin abu da ban sani ba sai a wurin aikin nan, yaron fanabita ya taɓa maƙala wayar as ta injin walda, wato wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake wa walda, a jikin farantin taya saboda nan ya fi kusa da hannunsa, Baba ya daka masa tsawa ya sa ya cire ya maƙala a jikin bodin kusa da inda ake waldar, yace in wuta ta bi ta cikin boris tana cin ƙwayoyin ne tana musu tabo, bayan kwana kaɗan kaji taya tana gurnani tana cijewa.

Yau wata huɗu kenan motar tana kan gadon, kullum a fito da ita a mayar in ban da Juma'a, ba taya ɗaya da ta sake yin ko ƙara. Gadon na shafa masa jan fentin hana tsatsa, har wani mai tsohuwar Marsandi a bayan layinmu ya zo ya duba yana tambaya ko zan ba shi aro idan na gama, nace sai dai a sake masa farantan sama da wurin ginshiƙan don ramukansa ba za su zo ɗaya da nawa ba. Daɓen gefen direba an gama shi da dogon ƙarfen ƙasan ƙofar, shekaranjiya Baba ya yanke tokaren bakin ƙofar gaba ya sa muka rataya ƙofar don gwaji, ya tura ta da yatsu biyu ta rufe ƙyas, ya zura tef sama da ƙasa lambar ta zo daidai da ta bango. Hajiya tana tsaye bakin tagarta tace a sake rufewa taji, aka sake. Gefen fasinja za mu shiga ranar Asabar in Allah ya kai mu, shi ramin nasa ya fi girma ya kai har ƙasan kujerar baya, kuma ina so a gama duk waldar kafin ƙurar hunturu ta sauko don a samu a fesa fentin farko.